Matar da Ta Ɗebo Wuta a Banaras

Ku gyara zama, ga ta nan tafe, kuma daga nesa ta taso, don haka kada wanda ya ce mini in yi sauri.

A zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, an yi wani marini a Kura ana ce masa Jatau, da matarsa Tasalla. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne ƙwal a gidansu, shi yana karofi, ita tana kaɗi. Suka tara guzuri suka bi ayari, Allah ya nufa suka sauke farali. To a wajen dawowa ne abin ya rikice. A Jidda zazzaɓi ya kayar da Jatau, ga jiragen ruwa birjik a bakin teku, duk kamarsu ɗaya. Tasalla tana riƙe da miji a hannu, ƙunshin kaya a ka, ta ga jama'a suna shiga wani jirgi, ta bi su. Sai da aka kwana biyu a kan ruwa ta lura rana tana fito musu ta gaba, alhali mai komawa gida ta baya take fito masa.

A cikin jirgin akwai wani masaƙi Musulmi, mutumin ƙasar Hindu, sunansa Malam Gafuru. Ba ya jin Hausa, ita ba ta jin yarensa, sai ɗan Larabcin salla da nuni da hannu. Ya ga halin da suke ciki ya ji tausayi. Da aka sauka ya ɗauke su, aka yi ta tafiya a keken shanu, har garinsu Banaras, ya ba su ɗaki a bayan gidansa inda masaƙa ke ƙara tun safe.

Garin nan kuwa, 'ya'yana, Tasalla ba ta taɓa ganin irinsa ba. Lunguna matsattsu, mutum biyu ba sa jerawa. Shanu kwance a tsakiyar hanya ba mai cewa su tashi. Birai a kan soro, ƙararrawa ta ko'ina, ƙamshin turare har ya hau kai. Duk lungun da ka bi kuma, ƙarshensa matakala ne na dutse da ke gangarawa cikin wani babban kogi da suke kira Ganga, mutane tsaye a ruwa suna ɗibarsa da tafi suna ɗagawa sama. Ita dai kallo take, ba ta san me ake yi ba.

Jatau ya ƙi cin abincinsu. Kullum ramewa yake. Ran nan da hantsi ya buɗe ido ya ce da ita kunu yake so, kunun gida. Akwai ragowar gero a ƙunshinta, ta yi murna, ta daka ta tace. Sai ta tarar masu gida duk sun fita, murhu kuma ya yi sanyi. To me macen Kura za ta yi? Ta ɗauki kasko ta fita neman hayaƙi.

Ku da kuka tashi da ashana ba za ku gane ba. A wurinmu wuta ba abar roƙo ba ce. Ki yi sallama, ki ce kin zo ɗiban wuta, ko masu gida ba su amsa ba ki ɗiba ki tafi. Ko gaba kuke yi da mace, ko ba kwa gaisawa, ba ta hana ki wuta. Da wannan Tasalla ta tashi, kuma ba ta taɓa tunanin akwai ƙasar da ba haka ba ne.

Ta bi hayaƙi har bakin kogi. Ta ga itace an tara shi ya fi gida tsawo, ga wata rumfar dutse, a cikinta wuta tana ci, wani tsoho baƙi siriri yana gyangyaɗi a gefe. Ta ce a ranta masu gasa tukwane ne. Ta yi sallama, shiru. Ta sa kirare biyu ta ɗauko garwashi guda ta jefa a kasko, ta ce an gode, ta juya. Da ta leƙa ƙasan matakalan da ta ga abin da ake yi da itacen. Ba ta leƙa ba, hankalinta yana kan kunu.

Ta hura wuta a ɗaki ta ɗora tukunya. Sai ta ga harshen wutar ba sama yake yi ba, ya karkata wajen tabarmar Jatau, ga shi ba iska. Ta ja tabarmar zuwa ɗaya kusurwar, wutar ta juya ta bi shi. Ta ɗebo ruwa ta yayyafa wa wutar. Wutar ta yi ƙasa, numfashin Jatau ya yi ƙasa tare da ita, idonsa ya kafe. Ta yi maza ta hura, wuta ta tashi, ya ja numfashi. Tana durƙushe tana salati sai ta ji masu wucewa a lungu suna hira, kuma tana gane kowace kalma kamar a kasuwar Kura ake yin ta.

Ba ta gama mamakin wannan ba sai ga tsohon nan a bakin ƙofa, yana haki. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ta ko ta san wutar da ta ɗebo. Ta ce wuta dai. Ya zauna a dokin ƙofa ya gaya mata cewa mutanen addininsu daga kowace kusurwa ta ƙasar suke zuwa garin nan su mutu, don sun yi imani wanda ya cika a nan ya huta da wahalar dawowa duniya. In sun mutu a bakin kogin ake ƙona su, kuma kowace gawa da wutar rumfarsa ake kunna mata. Wutar ba ta taɓa mutuwa ba, shi ya gada wurin ubansa, ubansa wurin nasa uban.

"Baiwar Allah," in ji shi, "duk garwashin da ya fita daga rumfata, mutum yake bi. Naki ya fito bai tarar da gawa ba, shi ne ya zaɓi wanda ya fi kusa."

Tasalla ta tura masa kaskon ta ce to ga abinsa, ya mayar, ita ba ta sani ba, kuma su Musulmi ne, ƙasa ake sa su. Ya janye hannunsa. Ya ce shi mai tsaro ne kawai, bayarwa ya iya, bai taɓa jin an mayar ba. In akwai mai ikon karɓa, to sai waɗanda suka ba kakanninsa, su kuwa suna ƙasa. Ta ce wace ƙasa? Ya ce garin nan da take gani a kan wani gari yake zaune, wancan ma a kan wani, kuma matakalan bakin kogi ba a ruwa suka ƙare ba. Ya ce ta tattara wutar ta gangara, amma ta kiyaye abu biyu: kada ta bari ta mutu, don in ta mutu da mijinta za ta tafi; kada kuma ta ɗiba wa kowa.

Ta juya ga murhu sai ta ga wutar ta tattare kanta ta koma garwashi guda, tana jiranta. Daidai nan matar Malam Gafuru ta dawo. Tasalla ta damƙa mata amanar Jatau, matar ta saki baki jin baƙuwa tana yarensu. Ta soke ludayinta da asuwaki a ƙugu, ta ɗauki kasko, ta bi tsoho.

Ta taka ruwa, ya kawo gwiwa, ya kawo ƙirji, ta ɗaga kasko sama ta rufe ido. Da ya rufe kanta sai ta ji ta bushe ƙarau. Ta buɗe ido, ga ta a kan matakala, kogin yana gudu a bisa kanta kamar rufin ɗaki, kifaye suna wucewa, rana kuma tana haskowa ta ƙasa.

Garin farko da ta isa ƙura ce ta tare ta. Magina suna ɗora dutse a kan dutse, mahaya suna zuwa suna rushewa, kafin ƙurar ta lafa wasu maginan sun tsince duwatsun sun fara wani ginin. Ba mai kallon kowa. Ta tambayi wani ko nan ne Banaras, ya ce bai san wannan suna ba, nan Baranasi ne, garin da ke tsakanin ƙoramu biyu. A bakin matakalan da za su kai ta gaba wani ƙaton dutse ya tare hanya, jikinsa duk sassaƙa, wani gefen furanni, wani gefen rubutu, wani gefen an goge. Dutsen ya buɗe ido.

"Ke 'yar Adam mai ɗauke da abin da ba naki ba, tsaya ki raba mini gardama. Na yi dokin ƙofa a ɗakin bauta. Na yi ganuwa a gidan sarki. Na yi ginshiƙi a masallaci, na sake komawa ɗakin bauta, na yi dutsen wanki a bakin ruwa. Kowa ya ɗora hannu a kaina ya rantse ni nasa ne tun asali. Ki faɗa mini na wane ne ni. In kika yi son kai, zan faɗo a kan kaskonki."

Tasalla ta auna abin a ranta. In ta ce na masallaci, ta san don addininta ta faɗa. In ta ce na ɗakin bauta, don tsoro ne. Ga garwashi ya fara yin fari. Ta karya bakin ludayinta ta sa masa, ta hura, sannan ta ce:

"Ranka ya daɗe, ni baƙuwa ce, ko hanyar masaukina ban gama sani ba. Ban san na wane ne kai ba. Abin da na gani dai, ka gaji. An ɗaga ka an ajiye har ba ka da gefen da bai ji guduma ba. Sannu."

Dutsen ya ce tun da aka sare shi daga tsauni kowa labarinsa yake ba shi, ba wanda ya taɓa yi masa sannu. Ya mirgina gefe. Ta tambaye shi ko a nan aka kunna wutar. Ya ce ina, sarakunan nan kowanne cewa yake shi ya kafa garin, amma shi da aka kawo shi ya tarar da hayaƙin yana tashi.

Ta gangara. Gari na gaba kasuwa ce, ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Alharini da auduga a shanye daga soro zuwa soro, yadi mai laushin da in an ninka rawani guda zai shige cikin tafin hannu. Giwaye ɗauke da kaya, jiragen fatake a ɗaure, harsuna iri-iri. Ita matar marini ce, ta ga wani shuɗi da ko a karofin Kura ba ta taɓa gani ba, ta tsaya ta manta kanta, sai da zafin kasko ya ragu a hannunta ta farga. Ta sa ragowar ludayin. Ta tambayi wani mai sayar da turare ko nan Baranasi ne, ya yi dariya ya ce nan Kasi ne, birnin haske, kuma babu wani gari kafinsa. Wanda ke kusa da shi ya ce ƙarya ne, sunan garin Wanda Ba A Barinsa. Suka kama gardama, ta bar su.

A bakin matakala ta tarar da wata mata zaune gaban murhu mai sanyi, tukunya a kai, yara kwance kewaye da ita cikinsu ya lafe. Matar ta ɗago kai, kuma da Hausa ta yi magana, Hausar ma irin ta Kura.

"Yaya, sannu da hanya. Na zo ɗiban wuta."

'Ya'yana, duk abin da ta gani a tafiyar nan ba wanda ya kai wannan wuya. Hannunta da kansa ya fara miƙa kasko. Tun tana yarinya ba ta taɓa jin wannan magana ta ce a'a ba, uwarta ba ta taɓa ba, kakarta ba ta taɓa ba. Ƙaramin yaron ya buɗe ido ya dube ta. Ta ce a ranta ƙila tsohon bai san da yara ba, ƙila ɗan ƙanƙani ba zai yi komai ba. Sai ta tuna yadda wutar ta karkata ta bi tabarma, ta dubi yaran nan kwance, ta ga in ta bayar ba ta san wanda za ta bi a cikinsu ba. Ta rungume kasko a ƙirji, hawaye na zuba, ta ce:

"Ki yafe mini, ƙanwata. Ba zan ba ki ba."

Matar ta miƙe, ta yi ta miƙewa har kanta ya wuce soro, ƙafafunta kofato ne. Yaran suka zama tulin toka, iska ta kwashe. Ta ce da Tasalla ta wuce, amma ta riƙe ɗacin da ta ji a bakinta yanzu, don ba yau za ta gama jinsa ba. Tasalla ba ta gane nufinta ba, ta dai wuce.

Daga nan abin ya dagule mata. Ta ratsa wani gari da ba komai sai malamai zaune a inuwa suna musu da ƙarfi a kan ko duniya akwai ta ko babu. Ta ratsa wani da ruwa ya ci, mutane suna tafiya a lunguna kifi yana shiga hannun rigarsu. Ta ratsa wani da ta rantse ta riga ta wuce shi, har mai turaren nan ta gani, amma yana jariri a goye. Ta daina sanin ko sauka take ko hawa. Asuwaki ya ƙare a kasko, ta yage bakin zaninta, ta sa ɗankwali.

Ta ɓullo wani kurmi mai sanyi. Mutane masu askakken kai sanye da mayafi ruwan ɗorawa suna zaune ba mai motsi, bareyi suna kiwo a tsakaninsu. Ta yi sallama ba wanda ya amsa. Wata tsohuwar barewa ce ta matso, ta gaishe ta cikin ladabi, ta ce kada ta ji haushi, shiru shi ne aikinsu. Ta ce wani malami ne ya zo kurmin nan ya yi wa almajiransa wa'azinsa na fari, tun daga ranar suke zaune. Tasalla ta ce to ko shi ya kunna wutar? Barewa ta ce a'a, ai shi ma don ya ji labarin tsufan garin ne ya zo. Tasalla ta zauna a ƙasa ta ce ita fa ta gaji, kowa ta tambaya sai ya ce gaba, garin nan ba shi da gindi ne? Barewa ta ce ita dai iyakar saninta akwai sauran matakala a bayan itacen can, amma babu wanda ya taɓa sauka ya dawo ya ba ta labari.

Matakalan nan ba na dutse ba ne, na laka ne, daga baya ma suka zama gangare kawai. Garwashi ya koma kamar ƙwayar gero. Ba ludayi, ba ɗankwali. Ta kama kitsonta ta tsinke da haƙori ta sa, ya yi ƙauri, ya ɗan yi ja.

A ƙasa babu gari. Ba gini, ba mutum, ba ƙararrawa. Daji ne, da kogin yana lanƙwasa ya nufi arewa, da wuta tana ci a kan yashi. A gefenta wata tsohuwa zaune, jikinta fari fat da toka, gashinta ya sauka ya shiga ƙasa kamar saiwa. Tasalla ta durƙusa ta ajiye kasko ta gaishe ta, ta faɗi abin da ya kawo ta tun daga Jidda har kunu.

"'Yar yamma," in ji tsohuwar, "kin yi tafiyar da sarakunan sama ba su yi ba. Amma kin zo wurin wadda ba ta da abin da kike nema."

"Iya, ba ke kika kunna ta ba?"

"Na sama suna cewa ubangijinsu ne ya kunna ta, kuma garin a kan mashinsa yake tsaye. Wasu suna faɗin wani abu dabam. Ni na zo na tarar tana ci, na zauna jin ɗumi, ban tashi ba. Ban san farkonta ba."

Tasalla ta fashe da kuka. Ta ce to a karɓa mana, ga shi ta kawo har gida. Ta karkata kaskon a kan wutar, garwashin ya manne ya ƙi faɗuwa. Tsohuwar ta ce wuta ba ta komawa, abin da aka kunna an kunna. Tasalla ta ce to a ɗauke ta ita a bar shi, ita ta ɗebo. Tsohuwar ta ce wutar nan ba ta ciniki, kuma ba ta kisa, jira kawai ta iya. Amma wadda aka raba da gida ba ta da haƙuri, shi ya sa take jan mutum. Sannan ta tambaye ta, a garinsu in an ɗebo wuta me ake yi da ita. Tasalla ta share hawaye ta ce girki mana, me kuwa za a yi? Tsohuwar ta dubi kaskon ta ce:

"To ki ba ta aiki. Wannan ba ta taɓa sanin tukunya ba. Ki dafa kununki a kanta, gobe ki dafa tuwo, jibi ma haka. Muddin tana da abin yi, za ta manta da shi. Kada ta mutu, kada ta kwana da yunwa, kada ta shiga gidan wani. Ranar da wa'adinsa ya cika don kansa, ku sa shi a ƙasa yadda kuka saba. In wutar ta ga abin da ta fito gani, za ta dawo gida da ƙafarta."

Tasalla ta tambaya har yaushe ke nan. Tsohuwar ta ce wannan ita ma ba ta sani ba, sai dai Tasalla ta yi fatan ya daɗe. Ta tsinke gashinta guda ta jefa a kasko, garwashi ya yi jawur. Ta buga yashi da tafi, wata ƙatuwar kififiya ta fito daga kogi, Tasalla ta hau bayanta ta rufe ido. Da ta buɗe tana bakin matakalan Banaras, jiƙe sharkaf, kai ba ɗankwali, kitso a gutsure, rana ko tsaka ba ta yi ba. Tsoho mai tsaron wuta ya tambaye ta me ta gano a ƙasa. Ta buɗe baki ta ba shi labari sai ta ji yaren ya tafi, ba ta jin ko kalma. Suka tsaya suna kallon juna, ta wuce.

Ta dama kunu a kan wutar, harshenta ya miƙe sama sak. Jatau ya shanye ƙwarya guda ya nemi ƙari.

Da lokacin aikin hajji ya zagayo Malam Gafuru ya sa su a jirgin alhazai mai zuwa Jidda. Masu jirgi ba sa yarda da wuta, ta ɓoye kasko a cikin tukunya ta rufe da zani tana ciyar da shi ɓawon kwakwa. A hamada kashin raƙumi ta riƙa tsinta. Haka ta kawo wutar nan har Kura, ta sa aka gina mata ɗan ɗakin girki mai ƙyaure.

Washegarin isowarsu maƙwabciyarta Delu, wadda suka yi wasan ƙasa tare, ta shigo da kasko tana murna tana yi mata barka da sauka, ta ce ta zo ɗiban wuta. Tasalla ta tare ƙofa ta ce ba za ta bayar ba. Delu ta yi dariya ta zaci wasa ne. Da ta ga ba wasa ba ne ta juya ta fita.

Tasalla ta yi bayani, ta yi wa Delu, ta yi wa matan unguwa. Wasu suka ce teku ce ta taɓa mata kai, wasu suka ce girman kan hajji ne. Shi kansa Jatau da aka tambaye shi cewa ya yi shi dai bai san komai ba, ya san ya sha kunu ya warke. Aka sa mata suna Mai Hana Wuta. Yara suna rera shi in ta wuce. Ba ta kwana a gidan biki, ba ta zuwa ganin dangi a wani gari, da damina a kan murhu take raba dare tana kare shi daga yoyo. Wani lokaci ita kanta sai ta zauna tana tunani, shin ta sauka garuruwan nan kuwa, ko zazzaɓin Jatau ne ya taɓa ta? Sai ta dubi wutar, ta dubi mijinta yana alwala a tsakar gida, ta ƙara ice.

Jatau ya tsufa har ya daina shiga karofi, sai dai ya zauna a inuwa yana gyara wa matasa. Wata ranar Laraba bayan la'asar ya jingina da bango ya cika, ba ciwo ba komai. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, aka kai shi. Tasalla tana zaune a ɗakin girki har maza suka dawo suka ce an rufe shi, ƙasa ta karɓe shi lafiya. Ta ce alhamdu lillahi. Icen da ke hannunta ta ajiye shi gefe. Wutar ta miƙe tsaye, ta karkata gabas, ta kwanta. Tasalla ta sa hannu a tokar, sanyi ƙalau.

Da safe ga baƙi masu ta'aziyya cike da gida, ba abin da za a ɗora. Tana takaba, bai kamata ta fita ba, amma ta ce ba za ta aiki kowa ba. Ta ɗauki kasko ta tsallaka gidan Delu. Ta daɗe tsaye a zaure kafin ta yi sallama. Delu tana bakin murhu, ta tsufa ita ma, ba haƙori ko ɗaya.

"Na zo ɗiban wuta," in ji Tasalla.

Delu ta dube ta, ta dubi kaskon.

"Ashe taki ma tana mutuwa."

"Jiya ta tafi."

Delu ba ta ce ta ɗiba ba. Ita ta tashi da kanta, tana dafa gwiwa, ta tona murhu ta zaɓo garwashin da ya fi kowanne girma, ta sa mata a kasko, ta haɗa hannayen Tasalla a kai ta riƙe.

"Ungo, Hajiya. Tawa ba ta jiran kowa, tuwo kawai ta sani. In ta mutu gobe ki dawo."

To, nan na sauke ta. Ku tashi ku duba murhu.